Hutun Direba

Shekara talatin da ɗaya Direba ya yi yana jan doguwar bas, ko akuya bai taɓa kaɗewa ba. Sai da ya ajiye aiki, ciwon karkarwa ya kama shi, sannan ya fara haɗari, kuma duk haɗurran a kan gado yake yin su, a jikin matarsa. Tuƙi yake yi cikin barci. Wani abu zai gifta masa a mafarki, ya taka birki da iya ƙarfinsa, birkin kuwa ƙaurinta ne. In ya murɗa sitiyari, gwiwar hannunsa ta sauka a haƙarƙarinta. Da safe ta nuna masa wurin, ya yi ta kallo da fuskar nan tasa da ciwo ya daskarar, sai can ya ce a hankali, "Saniya ce ta shigo titi."

"To, saniya dai ta tsira," in ji ta. "Ni ce nake ta mutuwa a madadinta."

Tela ce matar, kekenta na ɗinki yana falo jikin taga, kuma ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Ranar da likita ya zaunar da su ya ce ciwon ba ya warkewa, ƙwayoyi sassauci kawai suke kawowa, ba kuka ta yi ba, tambaya ta yi: to me ya rage? Likita ya ce tafiya ce ta rage. Ya ce jikin da bai gaji da rana ba ba ya kwanciya da dare, ƙafar da aka bari ta zauna kuma ba ta cika tashi ba. A yi tafiya safe da yamma, kada a bar shi ya yi dogon barcin rana, kada a haɗa masa ƙwayarsa da nama ko ƙwai a lokaci ɗaya don suna rage mata ƙarfi. Ya ba ta wata takarda mai hotunan mutum yana ɗaga ƙafa yana miƙa hannu, an rubuta duk waɗannan dokoki a bayanta. Ta ninke ta jefa a jaka, daga ranar Direba ya shiga uku.

Da safe, in ƙwayar farko ta kama jikinsa, su taka daga gida zuwa gidan mai su dawo. Da yamma su zagaya filin makaranta sau biyu. Tsakanin nan in ya fara gyangyaɗi a kujera sai ta jefa masa yadi ta ce ya riƙe mata baki ɗaya za ta yanka. Babbar matsalar ita ce tsayuwa. Yana cikin tafiya, musamman a bakin ƙofa ko inda hanya ta tsuke, sai ƙafafunsa su manne da ƙasa kamar an zuba musu gam, jiki na son gaba, ƙafa ta ce ba da ita ba. Ta zana masa layuka da allin ɗinki a bakin kowace ƙofa don ya riƙa tsallakawa, ya ɗan taimaka. Amma maganin gaske da haushi ta gano shi. Wata rana ya tsaya a ƙofar banɗaki har ta ƙosa, ta ɗaga tafin hannu ta buga ƙyauren sau biyu, bam bam, ta ce, "Mu je, direba!" yadda mai karɓar kuɗin mota yake buga jikin bas in fasinja sun gama shiga. Ƙafar ta ɗaga da kanta. Shekara talatin da ɗaya tana jin wannan bugun tana sakin birki, ciwo bai isa ya mantar da ita ba. A titi kuwa, inda babu ƙyaure, bayan kafaɗarsa take bugawa. Shi ya raɗa mata suna Kwandasta, sunan ya bi ta har masu kawo ɗinki suka manta da sunanta na gaskiya.

Shekara huɗu suna haka. Waɗanda suka fara zuwa asibiti tare da shi da yawa sun koma kan keken guragu, shi yana nan da ƙafafunsa. Yana samun barcin awa biyar a jere, haɗarin mafarki ya koma sau ɗaya a mako. Kwandasta ba ta da abin alfahari a duniya kamar ƙafafun nan biyu. Nata ne, ita ta yi su.

Direba yana da ƙanwa, tsohuwar shugabar makarantar firamare, kowa Malama yake ce mata. Mace ce mai tsabta da tabarau da son yayanta, wannan ba a musu. Sau ɗaya a wata take zuwa da ledar lemo da ayaba da kwandon shawara, ta zauna awa ɗaya, ta tafi ta bar shawarar a falo ana tuntuɓe da ita. Kullum da hantsi take zuwa, lokacin da Direba ya yi wanka yana zaune tsaf. Rannan kuwa sai ta zo da yamma.

A mararraba ta same su, gaban shagon mai kayan masarufi. Babur ya gifta kusa da Direba, ya tsorata, ƙafafu suka manne. Gumi na zuba masa, hannu na karkarwa, ga motoci na tahowa. Kwandasta ta ɗaga hannu ta sauke masa biyu a bayan kafaɗa, ta ɗaga murya saboda ƙarar titi: "Mu je, direba!"

Ba ta sauke hannun ba ta ji an fizge shi ta baya.

"Ke! Yayana kike duka? A titi? A gaban jama'a?"

"Malama, ba duka ba ne, bari in..."

"Da idona na gani! Gani ya kori ji. Ashe abin da ake yi ke nan in na juya baya? Kin mai da shi jaki, ki kora shi rana tsaka, in ya tsaya ki ɗirka masa hannu? Jama'a, ku gane mini! Mutumin da ya ci da ke shekara arba'in!"

Jama'a kuwa suka gane mata. Mai shago ya fito, masu jiran mota suka matso, har da mata biyu da Kwandasta take yi wa ɗinki. Duk cikinsu babu wanda bai san bugun nan ba, kullum a gabansu ake yi, amma aka rasa mai buɗe baki. Mutane ke nan, in dai kallo ne kyauta, gaskiya tana iya jira.

A falo aka ƙarasa. Malama ta kira babban ɗansu da yake aiki a wani gari mai nisa, ta shiga ɗaki ta yi ta magana, sannan ta fito ta miƙa wa uwarsa wayar.

"Mama," in ji shi, muryarsa a daƙile, "da gaske kina hana Baba barcin rana?"

"Likita ne ya ce..."

"Mama, ban taɓa zaton zan ji irin wannan a kanki ba. In kin gaji da jinyar ai sai ki faɗa. Ki bar Goggo ta tafi da shi ya huta."

Wannan ɗan da ta goya, wanda rabonsa da ganin ubansa wata bakwai. Ta ajiye wayar a kan keken ɗinki a hankali don kada ta jefar. Saura mutum ɗaya, shi kuwa yana zaune a kujerarsa, hannu na rawa a kan cinya. Maganarsa ta yi nauyi tun bara, sai ya daɗe yana tattaro kalma kafin ta fito, in ta fito ma ƙasa-ƙasa. Malama ta durƙusa a gabansa.

"Yaya, ka zo wurina ka huta. Ba mai tashin ka, ba mai jan ka titi. Kana so?"

Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi matarsa. Kwandasta ta tsaya tana jira, ta tabbata abin da zai fito. Aka daɗe.

"Na gaji," in ji Direba.

Gaskiya ya faɗa, ya gaji ɗin, wane ne ba zai gaji ba? Amma da mari ya kwaɗa mata da ya fi mata sauƙi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko jaka, ta jera masa riguna a goge, da tawul, da buroshi. Ta sa ƙwayoyinsa, ta rubuta lokacin shan kowace da manyan baƙaƙe, don ita ba mai kisan kai ba ce. Takardar likita mai hotuna tana cikin ledar magungunan, inda take zama kullum. Ta zaro ta, ta duba gaba ta duba baya, ta ɗaga katifa ta tura ta ƙarƙashi. Tunda Malama ta fi likita, ta fi mai jinyar shekara huɗu, to ga fili ga mai doki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bari baƙuwa ta kwana ciki ta ji.

Da za su fita ya manne a bakin ƙofa. Malama ta ja hannunsa, ta lallashe shi, ta ce yi a hankali Yaya. Kwandasta tana tsaye taku biyu daga ƙyauren, ta naɗe hannuwanta a ƙirji. Sai da aka kira mai tasi ya shigo suka ɗaga shi su biyu.

Ranar ta yi barcin da rabonta da irinsa tun tana budurwa. Ta baje a tsakiyar gado, ƙafa nan hannu can, ba birki ba sitiyari. Ba ta farka ba sai da rana ta shigo ta taga ta dafa mata fuska. Ta haɗa shayi ta zuba sukari cokali uku, ta sha a zaune, ba wanda take kallon agogo dominsa. A kwana huɗu ta gama ɗinkin da ya taru mata na wata guda.

Labari kuwa har gida yake zuwa mata. Matar mai kemis, wadda gidansu yake kallon na Malama, tana kawo mata ɗinki, kuma irin matan nan ce da ba sa iya riƙe ruwa a baki. A zuwanta na farko ta ce ai Direba ya zama sarki. An ba shi ɗaki mai sanyi da katifa mai laushi, ana kai masa abinci har gado, nama da safe, ƙwai da rana, kaza da dare, ko banɗaki ba a so ya taka, an sayo masa fo. Yini yake yi yana barci.

"Masha Allah," in ji Kwandasta, tana zura zare a allura. "Hutu ya yi daɗi."

A zuwa na biyu matar ba ta ko zauna ba ta fara. Ai duk layin ba a barci. Da dare ya raba sai ihu ya tashi daga gidan Malama, mutum yana ta kiran a kauce, a kauce. Shekaranjiya Malama ta shiga ta tashe shi, ta sunkuya tana girgiza kafaɗarsa, ya kai mata naushi a ido. Tabarau ya rabu biyu, ido ya kumbura ya yi suntum, da ƙyalle take rufe shi in za ta fito.

Kwandasta ta yi dariya har allura ta faɗi. Ta sa matar ta maimaita, ta tambayi wane idon ne, na dama ko na hagu. Ba a girgiza Direba in yana tuƙi, daga nesa ake kunna fitila a kira shi, wannan ita da haƙarƙarinta ta koye shi. Ranar ba ta karɓi kuɗin ɗinki ba, ta ce matar ta je kyauta ne. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata tana da zaƙi haka.

Kada wani ya ce ba ta san abin da ke faruwa da ƙafafun ba. Ta sani sarai. Likita ya taɓa gaya mata mako ɗaya a kwance sai an yi wata ana biyan sa. Ta yi lissafinta: mako biyu, Malama za ta kawo shi da kanta, ido ya raina fata. Sannan ita ta tashe shi. Ƙafafun nan ita ta ɗinka su, in sun warware ta sake ɗinka su, me ya fi wannan sauƙi? Abu ɗaya take so, Malama ta ce ta yi kuskure, ta faɗa da bakinta, in son samu ne a mararrabar nan gaban mai shago.

A rana ta tara, da azahar, waya ta yi ƙara. Ta ga sunan, ta bar ta ta yi ta yi har ta kusa tsinkewa.

"Matar Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau, Malama. Ya mai hutu?"

Muryar Malama ta dushe, muryar wanda bai runtsa ba.

"Da sauƙi. Dama tambaya ce. Shi da dare, in ya fara abin nan, yaya kike yi da shi? Kuma kwana biyun nan ko zama a bakin gado yana ba shi wuya. Na ce ko akwai wani abu da kike yi masa."

Kwandasta ta gyara zama. Amsar tana bakinta, jimla huɗu ce ko biyar. Ta jira ta ji kalma ɗaya, yi haƙuri, ko na yi kuskure, ko da a ciki-ciki ne. Ba abin da ya zo sai numfashi a cikin wayar da wani ɗan gurnani, kamar ana jan kujera. Wato har yanzu shugabar makaranta ce take tambayar mai shara inda aka ajiye tsintsiya.

"Ni kuwa me na sani, Malama?" ta ce, da murya mai laushi kamar auduga. "Ni da duka kawai na iya? Ai ke kika gano maganin. Hutu yake so. A ba shi abinci mai kyau, a bar shi ya huta."

Ta yi 'yar dariya ta kashe wayar. Ranta ya yi fari ƙal, har ta tashi ta taka rawa ita kaɗai a tsakiyar falo, zare na rataye a wuyanta.

Malama ba ta sake kira ba. Mako biyun da aka yi wa lissafi ya cika ya wuce, ba a kawo kowa ba. Matar mai kemis ma ta yi tafiya, labari ya yanke. Kwandasta ta fara farkawa tun asuba ba dalili, ta kwanta tana kallon silin. Sau biyu ta ɗauki mayafi za ta je, sau biyu ta tuna mararraba ta mayar ta rataye. Wanda ya ɗebo da zafi ai bakinsa, ita me ya kai ta?

A rana ta ashirin da ɗaya ɗansu ya kira, yana kan hanya. Baba yana asibiti.

A can ta ji sauran. Da Malama ta rasa yadda za ta yi, sai ta karɓo maganin barci a kemis tana ba shi. Ihun ya ragu, amma ya koma barci dare da rana, in ya farka ma bai san inda yake ba. Wata rana ya yunƙura zai tashi shi kaɗai ya faɗi a kan tayil, bai karye ba, sai dai daga nan ya ƙi yarda a sauko da ƙafarsa ƙasa. Ana ba shi abinci a kwance, ya riƙa ƙwarewa, har abin ya sauka masa a ƙirji ya zama zazzaɓi. Da ta ɗage bargon asibiti ta ga ƙafafun sai da ta dafa ƙarfen gado. Duk naman ƙaurin ya zube, ga gyambon kwanciya ya fara a dunduniya.

Likitansu ya zo zagaye, ya duba, ransa ya ɓaci. Ya tambaya a gaban kowa, wa ya tsayar da tafiyar mutumin nan? Wa ya ba shi maganin barci? Ina takardar da ya bayar?

"Ni ce," in ji Malama. An ɗaure tabaraunta da salatif, ƙarƙashin idon har yanzu da sauran baƙi. "Ni na ɗauke shi daga hannun matarsa. Ni na ce dukan sa take yi. Ban tambayi kowa ba."

Ta juyo, a nan tsakiyar ɗakin marasa lafiya, gaban likita da nas biyu da 'yan dubiya na gadaje shida, ta durƙusa har ƙasa ta kama gefen zanen Kwandasta.

"Matar Yaya, na zalunce ki. Na yi miki ƙazafi a bainar jama'a. Ki yafe mini don Allah."

Ɗan ma ya durƙusa yana hawaye, yana Mama ki yafe mini. Ko a mafarki Kwandasta ba ta tsara wa kanta ranar da ta kai wannan ba, mararraba ai wasa ce. Ta lura Malama ba ta ambaci wayar rana ta tara ba, ta ce a ranta kunya ce ta hana ta, wa zai so a ji ya yi roƙo an kore shi? Ta bar ta a durƙushe har sai da kowa ya gani ya ƙoshi, sannan ta janye zanenta.

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," ta ce. Kowa ya san wannan ba yafiya ba ce.

Bayan kwana goma aka sallame shi, a keken guragu ya shigo gidansa. Kwandasta ta naɗe hannun riga. Ta sake zana layukan alli, ta zaro takarda daga ƙarƙashin katifa, ta rufe keken ɗinki da zane ta ce wa masu kaya su yi haƙuri. Kullum da safe, in ƙwaya ta kama, ta sa kafaɗarta a hammatarsa ta ɗaga shi tsaye. Ta buga ƙyaure, ta buga kafaɗa, ta buga tebur har tafinta ya yi ja. Tana ganin ƙafar ta ji, tana ganin yatsun suna motsi suna son tafiya, amma gwiwa ta lanƙwashe su zube tare a bakin gado. Ma'aikaciyar asibiti mai koyar da motsa jiki ta zo sau shida. A na shidan ta ja Kwandasta waje ta ce a ci gaba da yi don kada gaɓoɓi su sandare, amma kada ta sa rai da titi. Barci kuma ya koma yadda yake shekara huɗu baya, har ya fi lalacewa. Ya yini a zaune, ya kwana ido biyu, ita ma ta kwana tana juya shi.

Duk wannan sai ya zama itace a wutar da take hura wa Malama. Ta hana ta shigowa gidan. In ta aiko da lemo, a ba maƙwabta. Duk mai zuwa dubiya sai ya ji labarin daga mararraba har zuwa durƙuson asibiti, kuma kowane faɗi sai durƙuson ya ƙara tsawo.

Wata rana da yamma, lokacin da a da suke filin makaranta, tana zaune a ƙasa gaban kekensa, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta tana murza ta da mai. Tana murzawa tana yi.

"Ka ga aikin ƙanwarka ko? Shekara huɗu ina gini, ta rushe a mako uku. Malama mai ilimi! Wallahi ko gaban Allah sai mun tsaya da ita. Ai da tana da tausayinka da ta sauke girman kai ta zo ta ce a koya mata."

Leɓensa ya fara motsi. Ta san alamar, magana ce take tahowa daga nesa. Ba kowa a gidan, ba mai katse shi, ta ci gaba da murza tana jira.

"Ta kira ki," in ji shi.

Hannunta ya tsaya.

"Wannan ai ba kira ba ne. Ko haƙuri ba ta..."

"Ni na sa ta." Ya huta, ya haɗiye yawu da ƙyar. "Kwana biyu ina roƙon ta. Da ta gama tambayar ki, ta kawo wayar bakina. In yi miki magana da kaina."

Kwandasta ta tuna numfashin nan, da gurnanin da ta ɗauka jan kujera ne.

"Ban gama haɗa maganar ba kika amsa."

"Me za ka ce?" Da ƙyar ta ji muryar kanta.

"Ki zo ki ɗauke ni. Ƙafata tana mutuwa."

Fuskar ba ta nuna komai ba, ta daɗe da daina nunawa, idanun ne kawai suke kanta.

"Ta so ta gaya wa ɗanmu a asibiti. Na hana ta. Uwa ɗaya gare shi." Ya sake hutawa. "Na ji kina dariya kafin ki kashe."

Ta buɗe baki za ta rantse masa ba ta yi dariya ba, sai ta tuna ta yi.